Shekarar da Fayil ɗin Zamfara Ya Ƙi Rufuwa

Kun taso kuna jin ana cewa mahaifiyarku ce ta yanke zumunci da yayanta, Kawu Lawali, wai don ta auri ma'aikacin Kaduna kanta ya kumbura. Na ji wannan magana daga bakin mutanen da suka ci tuwonta, ban kuma taɓa tanka musu ba, domin ita ta hana ni. Yanzu ba ta nan, ni ma shekaru sun ja, gara ku ji daga wanda aka yi abin a gabansa. Ba ita ba ce. Abin da ya shiga tsakaninsu wani fayil ne a cikin wata kwamfuta, da wata shaida da na bayar. Na san za ku yi dariya, ku da kuke yawo da kwamfuta a aljihu, amma ku daure ku karanta har ƙarshe.

A lokacin ina aiki a Kaduna, a wani kamfani da ke raba wa manoma irin auduga da taki da bazara, ya sayi audugar da kaka. Ba zan ambaci sunansa ba, ya daɗe da rushewa. Kwamfutarmu irin manyan nan ce da ake ce wa menfirem, tsohuwa ce ma da aka sayo a hannun wasu. Ɗaki guda ta cinye ita kaɗai, kuma ba ta jure zafi, saboda haka a watan da mutane ke neman inuwa kamar su yi kuka, mu rigar sanyi muke sawa mu shiga aiki. Aikina shi ne kula da fayilolinta, kuma dole in bayyana muku iri guda daga cikinsu, in ba haka ba sauran labarin zai zame muku tatsuniya. Akwai fayil da ake rabawa kashi-kashi. Mu a ofis mukan kwatanta shi da gida: kowane kashi ɗaki ne, a bakin gidan kuma akwai zaure inda aka rubuta sunan kowane ɗaki da inda ya fara. Idan za ka gyara abin da ke cikin wani ɗaki, injin ba ya taɓa tsohon. Sai ya je ƙarshen filin gidan ya gina sabo, sai an zo rufe fayil ɗin sannan ya koma zaure ya gyara rubutun, ya nuna sabon wuri. Shi ya sa ɓarnar irin wannan fayil ba ta bayyana ana cikin aiki. Komai zai tafi sumul, sai a wajen rufewa injin ya tsaya cak.

Da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, kamfanin ya bi sahu, ya ware shiyyar Zamfara da fayil nata: ɗakin Ƙaura, ɗakin Shinkafi, ɗakin Zurmi, da sauran ƙananan wuraren saye irin su Kasuwar Daji da Galadi. A cikinsu ake ajiye sunayen manoma da gonakinsu da irin da za a ba kowa. Aka kafa ofishin shiyya a Ƙauran Namoda, garinmu, aka ja waya daga Kaduna aka haɗa masa taminal, wato allo da madannai waɗanda mutum ke magana da babban injin ta cikinsu daga nesa. Ana neman ɗan jiha da zai zauna a gabanta, ni na kawo sunan Lawali, ni kuma na koya masa. Ba don surukuta kawai ba. Mutum ne mai kaifin kai, abin da ka nuna masa sau ɗaya ya zauna, aibinsa guda, ba ya iya jira. Ko layin alwala ne, in ya yi tsawo sai ka gan shi yana zagaye da buta yana neman wani famfo. Shi da Hauwa, mahaifiyarku, su biyu kaɗai uwarsu ta bari a gidan mahaifinsu Malam Alƙali na Zurmi, kuma tun tana rarrafe uwar ta rasu. Shi ya goya ta, shi ya kai ta makaranta a kan kekensa, shi ya tsaya a kan ta yi karatu. Ba ta cin abu mai daɗi ba ta ce ina ma Yaya na nan ba.

A ɗakin injin na Kaduna kuma akwai Bitrus, Kirista ne daga kudancin jihar, ya riga ni shiga kamfanin. Ba mai yawan magana ba ne, ba kuma zan ce abokina ne na ƙut da ƙut ba, ban taɓa shiga gidansa ba. Amma akwai wani abu da yake yi mana shekara da shekaru. Injin ba a barinsa ba kowa, to in an kira azahar sai ya ɗaga kai ya ce:

"Ku tafi abinku, Malam Ɗahiru, ina nan."

Mu Musulmin ɗakin mu fice gaba ɗaya. Da yake lokacin ne ya fi samun natsuwa, a lokacin yake tura aikin rana, wanda ke shigar da sababbin bayanai cikin fayilolin shiyyoyi. Aikin nan nasa yana barin ƙofar fayil a buɗe, don rassa su ci gaba da karantawa. Dokar kamfani kuwa a rubuce take: masu karatu ko nawa ne su shigo, amma mai rubutu ɗaya ne a lokaci guda. Duk wani da ke son ya yi rubutu a ciki, sai ya gaya wa injin yana son ya riƙe fayil ɗin shi kaɗai, ya kuma jira har kowa ya fita.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, ana dab da rabon iri, fayil ɗin Zamfara ya fara ƙin rufuwa. Mu dawo daga masallaci mu tarar da Bitrus tsaye gaban firinta da takarda a hannu, aiki ya mutu a wajen rufewa, injin ya buga lambar kuskurensa, B14, lambar da har yau in na rufe ido ina ganinta. Wani lokacin ma ya rufu, amma in an buɗe ɗakin Shinkafi sai a tarar da manoman Zurmi zaune a ciki, mutanen Galadi kuma sun ɓace kamar ba a taɓa haihuwarsu ba. Sai mu ɗauko tef ɗin da muka adana kwafin jiya a kai mu mayar da fayil yadda yake, aikin yini guda ya tafi a banza. Na bi abin yadda aka koya mini. Na fara da zaure, domin in ya cika babu wurin rubuta sabon suna, haka injin ke yi. Na sake gina fayil da zaure mai faɗi, abin ya dawo. Na ce to fili ne ya ƙare, tunda tsofaffin ɗakunan da aka bari ba sa tashi da kansu, sai an matse fayil an kwashe su. Na matse, abin ya dawo. Na zargi faifan da fayil ɗin ke kai, na ɗauke shi na mayar kan wani, ya bi shi can. Nakan ga aikin Ƙaura a jerin ayyukan wannan lokacin, amma ban tsaya a kansa ba, domin ni na rubuta wa Lawali shi da hannuna, na kuma san na sa masa ya jira. Abin da ka gina da kanka shi ne na ƙarshe da kake zargi.

Ba kullum abin ke faruwa ba, amma duk ranar da ya faru, da azahar ne, Bitrus kaɗai ke ɗakin, kuma fayil ɗin Zamfara ne kaɗai, na Katsina da na Sakkwato lafiya lau. Ku da ba ku ga wannan shekarar ba, ba za ku gane yadda zukata suke ba. Kalmar Zamfara kawai in ka furta a ofis, sai ka ga wani ya washe baki wani ya tsuke. Mutanen da suka shekara suna cin abinci a kwano ɗaya kowa ya koma cikin nasa. A irin wannan yanayi ba a buƙatar hujja mai yawa. Iri ya makara, manoma suna zarya a ofishin Ƙaura suna kallon gabas ko hadari ya taso, shi kuma Lawali shi ke shan zaginsu. Da aka kira taron shiyyoyi a Kaduna ya miƙe, ransa a ɓace, ya ce a gaban kowa:

"Mu ba yara ba ne. Mi ya sa na Zamfara kaɗai ka lalacewa? Mi ya sa sai mun tahi salla? Wanda ba ya son abin da munka zaɓa ma kanmu, shi hito shi hwaɗi, shi bar ramawa bisa talakawa."

Bai ambaci suna ba, ba a kuma buƙaci ya ambata ba. Manaja ya dakatar da Bitrus, ya karɓe mabuɗinsa, aka ce za a zauna a kansa bayan rabon iri. Da yake babu mai tsaron ɗaki da azahar, sai aka mayar da aikin rana zuwa bayan mun dawo daga masallaci. Daga ranar fayil bai sake ƙin rufuwa ba. Kowa ya ce to ga shi, ruwa ba ya tsami banza. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma na fara yarda. Na haɗu da Bitrus a bakin ƙofar kamfani ya zo ɗaukar kwanon abincinsa da ya manta, ya dube ni ya ce:

"Malam Ɗahiru, kai ka san injin nan. Ni ban taɓa komai ba."

Na ce masa Allah ya bayyana gaskiya, irin amsar da mutum ke bayarwa in ba ya son ya ce komai.

Ana cikin haka muka taho gida Ƙaura da mahaifiyarku, Inna mahaifiyata ba ta jin daɗi. Kwana biyu da zuwanmu na leƙa ofishin shiyya don in gaisa da Lawali, ba aiki ya kai ni ba. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya aika aka sayo mini fura. A shekarar an sa doka a ofisoshin garin, da an kira salla a rufe ƙofa kowa ya fita, kuma ana bi. Muna cikin hira ladan ya ɗaga murya. Lawali ya juya kan taminal, ya danna madannai da sauri kamar mai tsoron a riga shi, ya ce:

"Bismillahi. Kahin mu idar ya ƙare."

Na tambaye shi mene ne ya tura. Ya ce gyare-gyaren manoman yini ne. Tun da aka fara rufe ofis da azahar ya ga babu amfanin injin ya zauna banza, sai ya riƙa tara aikin ya tura daidai kiran salla, ya dawo ya tarar an gama. Na ce ai aikin nan yakan tsaya jira. Ya yi dariya, dariyar mai wayo da ya gano gajeriyar hanya.

"Da can ne. Sai in dawo in ishe shi tsaye shina jiran mutanen Kaduna. Nid duba katin umarnin aikin da ka rubuta, nig ga inda kac ce shi riƙe shi kaɗai, nim mayar da shi tarayya kamar na karatu. Tun rannan bai ƙara jira ba."

Ya buɗe ya nuna mini, yana jiran in yaba masa. Na tsaya ina kallon allon. Ga abin nan a fili. Shi a Ƙaura yana tura rubutu da kiran salla, Bitrus a Kaduna yana tura nasa da kiran salla, ɗaya don zai tafi masallaci, ɗaya don ya tsare wa masu tafiya masallaci. Su biyun kowa ya je ƙarshen fili guda yana gini a kan ginin ɗan'uwansa, in sun zo zaure kuma su yi karo. Injinmu tsoho ne, ba ya hana wannan, ya ɗauka masu aiki da shi za su bi doka. Ranar da ɗaya ya riga ɗaya gamawa a wuce lafiya, ranar da suka haɗu a yi ɓarna. Da aka kori Bitrus daga ɗakin aka matsar da aikinsa, sai karon ya ƙare, ba don shi ne mai laifi ba. Muka tafi masallaci, na yi salla, amma Allah ya sani ban san surar da na karanta ba.

Da muka dawo na rufe ƙofa na yi masa bayani a hankali. Mutum ne mai ganewa, kafin in kai ƙarshe ya riga ni isa. Fuskarsa ta canza. Ya jawo madannai ya mayar da kalmar yadda na rubuta ta tun farko, ya ce:

"To, an gyara. Wa ya sani in ba ni da kai ba?"

Na ce saura Bitrus. Na ce ya taho mu je Kaduna tare ya faɗa da bakinsa, kuskure ne na rashin sani, wanda ya kawo kansa ba a yi masa hukuncin wanda aka kamo. Ya ce shi da ya miƙe a gaban taro ya yi wannan magana, ya koma ya ce shi ne? Gara ya bar garin. Ya ce Bitrus yana da mutanensa, za su samo masa wani aiki. Ya ce in tuna wane lokaci ake ciki, in tuna yadda za a ɗauki maganar a waje, a ce ga masu Shari'a sun ɓata abu sun laƙa wa wani. Wannan ta ƙarshe ita ta fi yi mini nauyi, domin na san haka za a ce.

Na kai maganar gida, abin da wataƙila wani ba zai yi ba. Inna tana kwance a kan tabarma a rumfa, ta saurara har na gama, ba ta gane zaure da ɗaki ba, amma ta gane sauran sarai.

"Ɗahiru, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanga mutum da kaka magana, in ka mutu shina zuwa shi ɗauke ka? Lawali ka ɗaukar ka. Ka gyara musu injinsu, ka kama bakinka."

Hauwa tana gefe tana tsince shinkafa. Washegari na hau mota na tafi Zurmi wurin mahaifinsu. Malam Alƙali ya daɗe da barin kujera, idonsa ya yi rauni, yana zaune a zaurensa a kan buzu. Na so in ɓoye sunaye, in kawo abin kamar fatawa a kan wasu mutane, amma tsohon alƙali ba a yi masa wannan. Ya bar ni na yi ta kewaye, sannan ya ce:

"Lawali ne?"

Na ce shi ne.

"Akwai wanda ya gani in ba kai ba?"

Na ce babu.

"To shaida ta hau kanka. Ba a ɓoye ta don wanda za ta cuta naka ne, ba a ɓoye ta don wanda za ta hisshe ba naka ba ne. Wagga Shari'a da aka ta murna da ita, in ba ta kai nan ba, ba ta kai ko'ina ba. Tashi ka tahi."

Na yi tsammanin zai riƙe ni in ci abinci kamar kullum. Bai riƙe ni ba. Ya faɗi hukunci kamar yadda ya saba faɗa a kotu, amma uba ne, kuma daga wannan ranar har ya rasu bai sake ce mini ɗana ba, sai Malam Ɗahiru. Ban riƙe shi da wannan ba. Ya ba ni abin da na je nema, bai ce zai ba ni da daɗin rai ba.

Da na dawo Ƙaura na sami mahaifiyarku a bayan ɗaki tana shanya. Na gaya mata abin da Malam ya ce, na kuma ce mata ban yanke ba tukuna, ina son in ji nata. Ta matse zanen da ke hannunta, ta shanya, ta gyara masa baki, sannan ta juyo.

"Baban Hadiza, na san Yaya. Ba ya yahe kunya. Kai ba ya da abin da zai yi maka, ni za ya bari." Ta ɗauki wani zanen. "Mutumen nan yana da ɗiya?"

Na ce yana da su, ƙanana.

"To ka hwaɗi. Kai za ka hwaɗi, ni za ni ɗauka. Amma kak ka ƙara tambaya ta, don in ka ƙara ban san abin da za ni ce ba."

Ban ƙara ba. Na koma Kaduna na sami manaja. Na yi kwafin fayil ɗin, na tura masa ayyuka biyu masu rubutu a lokaci guda, manaja yana tsaye a bayana. Firinta ta buga lambar nan tamu. Na sake, ta sake. Na mayar da ɗaya ya riƙe shi kaɗai, ya jira, fayil ya rufu lafiya. Gani ya kori ji. Ya tambaye ni wa ke da aiki na biyun, wa kuma ya canza shi. Da akwai hanyar wanke Bitrus ba tare da wannan amsar ba, da na bi ta, na neme ta duk tsawon hanya daga Gusau zuwa Zariya ban samu ba. Na faɗi sunan. Na ƙara da cewa rashin sani ne, kuma neman saurin yi wa manoma aiki ne ya jawo. An rubuta wannan ma, amma ba shi mutane suka riƙe ba.

Aka mayar wa Bitrus mabuɗinsa, ba tare da wani taro ba, waɗanda suka yi ta magana kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa. Ranar da ya dawo, da aka kira azahar, babu wanda ya iya fara tashi. Ya ɗaga kai ya ce mu tafi, yana nan. Kujerar da aka yi wannan duka a kanta bai daɗe a kai ba. Da zaman Kaduna ya yi zafi ya kwashe iyalinsa ya koma wajen danginsa, amma ya tafi da takardar sallama mai tsabta, na kuma ji ya sami aiki da ita. Bai taɓa sanin Lawali surukina ne ba. Ranar da zai tafi ya ce in gaida madam. Na isar, ta ce tana amsawa.

Shi kuwa Lawali aka ɗauke shi daga gaban taminal aka tura shi Shinkafi wajen sikelin awon auduga. Bai kai kaka ba ya ajiye aikin. Sabuwar jiha tana neman masu ilimi, ya samu wuri a Gusau, ya kuma yi sama, kun dai san gidansa. Ni ma da an yi mini maganar wata kujera a can, daga wannan shekarar ban sake jin ta ba, ban kuma tambaya ba. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da mahaifiyarku ta faɗa shi ya faru, harafi da harafi. Bai zage ta ba, bai kore ta ba. Ya daina zuwa ne kawai. An haifi Usman bai zo suna ba, an haifi auta bai zo ba. Ita kuwa duk Salla sai ta shirya ta je gidansa, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da "lahiya lau" yana kallon wani wuri, irin amsar da ake yi wa mai tallar goro. Ta zauna wajen matansa, ta ci abin da aka ba ta, ta dawo. In mun iso gida takan shiga ɗaki ta ɗan jima, ta fito ta ɗora tukunya. Dangi suka ga ba ya zuwa gidanta, shi kuma babban mutum ne, sai aka ɗora laifin a kan wadda ta fi sauƙin ɗora wa. Na so in yi magana, ta ce in na tona abin a cikin dangi na ƙara masa kunya a kan kunya, kuma ita tana sa ran wata rana zai sauko.

Kuna iya tambaya ko na yi nadama. Shaidar ban yi nadamarta ba, ko yau aka sake zan bayar. Amma ban taɓa ɗaukar kaina gwarzo ba, domin abin da na yi na yini guda ne, na faɗi magana na koma bakin aikina. Wadda ta ɗauki kayan ita ce ta yi ta ɗauka har ƙarfinta ya ƙare, kuma ina jin ciwon wannan har gobe.

A ciwonta na ƙarshe, nan Ƙaura, takan ce a bar ƙofar ɗakin a buɗe, ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Na aika wa Lawali. Ya iso bayan an yi mata sutura. A maƙabarta, da aka zo sa ta, ya matso ya tuɓe takalmi ba tare da ya nemi izinin kowa ba, na matsa masa, muka shiga kabarin tare, ni ta wajen kai shi ta wajen ƙafa. Ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba:

"A hankali. Ba ta son a girgiza ta, tun tana ƙarama."

Ita ce maganarsa ta farko gare ni tun ranar da muka rufe ƙofar ofishin nan.

Yanzu ya tsufa, ƙafa ta ƙi, yana zaune a Gusau. Ban rubuta wannan don ku ƙi shi ba, ko ku je ku tuna masa. Na rubuta ne don in wani ya sake cewa uwarku ta yanke zumunci, ku san abin da kuka sani ko da ba ku tanka ba. In Salla ta zo ku shirya ku je ku gaishe shi, ku durƙusa, ko ya dube ku ko bai dube ku ba. Ita ba ta taɓa fasa zuwa ba.